Inji iri ɗaya, kuɗi ninki biyu: nazarin lamarin Mégane R.S. Trophy-R

A watan Afrilun 2019 direban gwaji na kamfanin Renault na ƙasar Faransa, Laurent Hurgon, ya zagaya hanyar tsere ta Nordschleife da ke Nürburgring a ƙasar Jamus cikin minti 7 da sakan 40.1. Tsawon da aka auna kilomita 20.6 ne. In aka lissafa, matsakaicin gudunsa ya kai kilomita 161 a awa, a kan hanyar da ke hawa da sauka cikin tsaunukan Eifel, mai kwanoni sama da saba'in, wadda tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari a cikinta akwai kusan mita 300. Motar da ya tuƙa, Mégane R.S. Trophy-R, ta zama mafi sauri a wannan hanya cikin motocin kasuwa masu ja da tayoyin gaba. Guda 500 kacal kamfanin ya ce zai ƙera wa duniya baki ɗaya.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne injin. Duk wanda ya ji an ce ga mota ta musamman, an ƙayyade adadinta, kuɗinta ya kusa ninka na 'yar'uwarta, abin da zai fara zuwa masa shi ne an ƙara mata ƙarfi. A nan ba a ƙara ko doki ɗaya ba. Injin lita 1.8 mai turbo, mai ƙarfin doki 300, shi ne dai wanda ke cikin Mégane R.S. Trophy da a lokacin kowa zai iya shiga shagon dillali ya saya. Bambancin yana wasu wurare, kuma yawancinsa cirewa aka yi, ba ƙari ba.

Gidan da ta fito

Mégane ta yau da kullum ta wancan lokaci ƙaramar motar iyali ce mai yankakken baya, irin wadda ƙofar but ɗinta ke ɗagawa tare da gilashin baya. Ƙofa biyar, mutum biyar, ƙaramin injin fetur ko na dizal. Sashen tsere na kamfanin, Renault Sport, shi ya ɗauki wannan jiki ya faɗaɗa shi, milimita 60 ta gaba da 45 ta baya, ya sa masa injin da ake amfani da irinsa a motar gudu ta Alpine A110, aka samu R.S. mai ƙarfin doki 280 wadda ta shiga kasuwa a 2018. Bayanta Trophy ta zo da doki 300, da shakazoba masu tauri, da na'urar Torsen da ke hana tayar gaba ɗaya ta riƙa juyawa a banza idan ta rasa riƙo a kwana. Trophy ba a ƙayyade adadinta ba, kuma ita ce ma'aunin da za a gwada Trophy-R da shi.

Wannan ba shi ne karon farko da Renault Sport ta yi irin wannan aiki ba. A 2008 ta fitar da R26.R, guda 450, wadda aka rage wa kilo 123 ba tare da an taɓa injinta ba, har gilasan baya aka maye da na roba. Ta zagaya Nordschleife a minti 8 da sakan 17. A 2014 aka yi 275 Trophy-R, guda 250, ta yi minti 7 da sakan 54.36. Daga nan tarihin mafi sauri cikin motoci masu jan gaba ya bar hannun Faransawa: Honda ta sanar da karɓe shi a 2015, Volkswagen ta amshe a 2016 da Golf GTI Clubsport S, sannan Honda ta sake ƙwacewa a 2017 da sabuwar Civic Type R, minti 7 da sakan 43.8. Aikin da ke gaban injiniyoyin a bayyane yake. Su sauko ƙasa da lokacin Honda, da motar da injinta bai kai na Honda ba, domin Civic ɗin doki 320 gare ta.

Me ya hana su ƙara ƙarfi?

Mota mai jan gaba tana ɗora wa tayoyi biyu aiki uku. Su ne ke juya mota, su ne ke ɗaukar mafi yawan birki, su ne kuma ke janta. Riƙon da taya take da shi a kan kwalta yana da iyaka, kuma duk abin da aka ci wajen ja an rage shi wajen juyawa. Ga wata matsala a kai: da zarar direba ya taka totur, nauyin mota yana komawa baya, wato yana barin tayoyin da ake so su kama ƙasa a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Shi ya sa in ƙarfi ya yi wa irin wannan mota yawa, sai ka ji sitiyari yana fizgar hannunka, hancin motar kuma yana neman miƙewa waje maimakon ya bi kwana. Ƙarin doki talatin zai yi amfani a miƙaƙƙiyar hanyar Döttinger Höhe da ke ƙarshen zagayen, amma a sauran wuraren zafin taya kawai zai ƙara.

Rage nauyi kuwa ko'ina yana biya. Mota mara nauyi ta fi saurin tashi, ta fi saurin tsayawa, ta fi sauƙin juyawa, kuma tayoyinta da birkinta sun fi jimawa kafin su gaji. Renault ta ce ta rage har kilo 130 daga nauyin Trophy, motar ta sauko zuwa kilo 1,306. Wannan kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan na nauyinta. Da a ce ta hanyar inji ake son a samu irin wannan riba, sai an nemo wajen doki talatin, kuma ko an samo su ba za su taimaka wa birki da komai ba.

Abin da aka cire

Kujerar baya ce ta fara tafiya, da ita kusan kilo 25. Ƙofofin baya suna nan, sai dai in ka buɗe ba ka ganin wurin zama, sai fili da sandar ƙarfe a gicciye. An tsara filin yadda zai ɗauki tayoyi huɗu da rim ɗinsu, domin mai zuwa filin tsere ya tafi da tayoyin canji. Kujerun gaba an maye su da na kamfanin Sabelt, ƙwarya ɗaya, ba a kwantar da bayansu. Bonet ya zama na zaren kabon, an samu kilo 8. Salansa ta ƙarfen titaniyom ce daga Akrapovič na ƙasar Sloveniya. An cire waifar baya. Har allon da ke tsakiyar dashbod an sa ƙarami, inci 7 a maimakon 8.7, saboda 'yan giram ɗin da za a samu. In mutum ya ga an kai ga auna allo, ya san masu aikin ba su bar kusurwar da ba su leƙa ba. Giyar otomatik da ake iya zaɓa a Trophy ita ma babu, sai giyar hannu mai hawa shida, wadda ta fi ta rashin nauyi.

Amma cirewar da ta fi kowace nauyi, a kilo da kuma a ma'ana, ita ce ta 4Control. Wannan na'ura ce da ke juya tayoyin baya kaɗan. A ƙaramin gudu tana karkata su saɓanin tayoyin gaba, har digiri 2.7, sai motar ta riƙa shiga matsattsiyar kwana kamar ta fi yadda take gajarta. In gudu ya yi yawa sai su bi tayoyin gaba da digiri 1, don motar ta natsu. Ita ce abin da Renault ta fi tallata R.S. da shi, domin a lokacin babu wata a ajinta da ke da irinsa. Sai ga shi a motar da ta fi kowace tsada a gidan an tumɓuke ta, an sa aksul ɗin baya mai sauƙi, aka rage sama da kilo 30.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu. Wani zai ce kamfanin ya amsa da bakinsa cewa na'urar ado ce. Ni ban ga haka ba. 4Control an yi ta ne don direban da ke kan titin gari da hanyar dutse mai lanƙwasa, wanda take sauƙaƙa wa aiki. Wanda ke shiga kwana da gudun kilomita 180 a filin tsere kuwa abin da yake so shi ne bayan mota ya yi abu ɗaya tak a kowane karo, ya san inda zai kai kafin ya zame, babu wata kwamfuta da ke sa baki tsakaninsa da taya. Direbobi biyu ne masu bukata biyu, kuma Trophy-R ɗaya daga cikinsu kawai aka yi wa.

Ƙarƙashin motar

In aka cire kilo 130, kuma mafi yawansu daga baya, mota ta canza tsayuwa. Ba zai yiwu a bar mata shakazoba da sifirin ɗin da aka auna da tsohon nauyi ba. An sa mata shakazoba na Öhlins, kamfanin ƙasar Suwidin, waɗanda ake ƙara musu tauri ko a sassauta da hannu, ana kuma iya ɗaga motar ko a sauke ta. Wannan ba maɓalli ba ne da ake dannawa daga kujera. Sai an tsugunna, an san abin da ake nema.

An kuma ƙara wa tayoyin gaba karkata. In ka tsaya gaban motar ka duba da kyau, za ka ga saman tayoyin ya ɗan sunkuya ciki, wajen digiri biyu, kusan ninki biyu na yadda Trophy take. Dalilin shi ne a tsakiyar kwana jikin mota yana kwantawa waje, tayar da ke waje, wadda ke ɗauke da mafi yawan nauyin, tana neman tsayawa a kan gefenta. In tun farko an karkata ta ciki, kwanciyar motar sai ta miƙar da ita, duk faɗinta ya zauna a kan kwalta. Ladan wannan a kwana ake karɓarsa, kuɗinsa kuma a miƙaƙƙiyar hanya ake biya: mai yawan doguwar tafiya zai tarar gefen ciki na tayar ya cinye alhali na waje yana da sauran rai. Tayoyin kansu Bridgestone Potenza S007 ne da aka haɗa musamman saboda wannan mota, masu son zafi, waɗanda ba sa ba da irin wannan riƙon a sanyin hunturu.

Ta fuskar iska ba a kafa mata wani ƙaton fiffike a baya ba. An yi aikin ne ta ƙarƙashi, aka shimfiɗe cikin motar, aka sa faranti na kabon a ƙasan bambar baya mai zuƙo iska don motar ta manne da ƙasa, aka kuma huda bonet don iska ta shiga ta rage wa inji zafi.

Akwai wani nauyi da injiniyoyi suka fi tsana, shi ne wanda ke ƙasa da sifirin: taya, rim, da faifan birki. Duk lokacin da taya ta hau tudu, sifirin da shakazoba ne za su tare ta su mayar da ita ƙasa, kuma gwargwadon nauyin tayar gwargwadon jinkirin komawarta. A hanya mai gargada irin Nordschleife, tayar da ke sama ko na ƙiftawar ido ce ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Rim ɗin da Trophy-R ke zuwa da shi, jan nan da ake gane ta da shi daga nesa, ya fi na Trophy sauƙi da kilo biyu kowanne. Wanda ya ƙara kuɗi kuma ana ba shi rim na zaren kabon daga Carbon Revolution na Ostireliya, ya sake rage kilo biyu a kowace ƙafa, da faifan birkin gaba na kabon da seramik daga Brembo, milimita 390 a maimakon 355.

A takarda duk wannan bai taka kara ya karya ba. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa sakan 5.4, Trophy kuwa 5.7. Ƙarshen gudu kilomita 262, Trophy 260. Wanda ke sayen mota da waɗannan lambobi biyu ba zai ga inda kuɗinsa ya shiga ba.

Wace mota ce ta kafa tarihin?

Nan ne lamarin ya fi bukatar a buɗe ido. A Birtaniya, wadda ta samu guda 32 daga cikin 500 ɗin, a 2019 Trophy tana kusan fam 32,000. Trophy-R ta fara daga fam 51,140. In an haɗa da rim ɗin kabon ta koma 63,140. In an ƙara da birkin seramik, wato yadda motar Hurgon take, fam 72,140. Ke nan tsakanin Trophy-R ta farkon farashi da wadda ta yi minti 7 da sakan 40 akwai fam 21,000, ratar da ta fi wadda ke tsakanin Trophy da Trophy-R ɗin kanta. Sunan ɗaya ne, fentin fari da ja ɗaya ne, lambar da ke manne a ciki tana cikin jerin 500 ɗin, amma akasarin masu motar ba irin wadda ta kafa tarihin suke tuƙawa ba. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, yana rubuce a jerin farashi. Sai dai talla da lokacin zagaye take tafiya, ba da jerin farashi ba.

Ko a farashin farko, in aka raba ƙarin kuɗin da kilo 130, kowane kilo da aka cire ya tashi kusan fam 150. Lissafin yana da ban dariya, amma ba zalunci ba ne tsantsa. Bonet ɗin da za a buga guda 500 kacal, da aksul ɗin da aka zana sabo, da watannin gwaji a filin tsere, duk a kan mutum 500 za a raba kuɗinsu, alhali kayan Mégane ta iyali a kan dubban ɗaruruwa ake rabawa. Ƙarancin adadin yana cikin abin da ke sa tsadar, ba dabarar kasuwa kaɗai ba ce. Ita ma dabarar tana nan, ba a musu.

Bayan saye ma akwai abin biya. Rim na alminiyom in ya daki gefen titi sau da yawa ana gyara shi, na kabon kuwa in ya tsage sai dai sabo, kuma ba kowane mai canza taya ake miƙa wa shi ba. Faifan seramik yana jure zafi, yana daɗewa, amma ranar canza shi ba ranar farin ciki ba ce. Kujerar baya da aka cire ita ce ke shanye ƙarar taya da ta salansa, yanzu duk a kunnen direba suke sauka. Motar da aka gina a kan jikin motar iyali ta koma ba ta ɗaukar mutum na uku.

Sakan 3.7

Ratar da ke tsakaninta da Civic ɗin 2017 sakan 3.7 ce a tafiyar kilomita 20.6, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. A irin gudun da ake yi, wajen mita 165 ke nan. Civic Type R kuwa ba ƙayyadaddiya ba ce, tana da kujerar baya, kuma a Birtaniya kuɗinta bai kai rabin na Trophy-R mai cikakken kaya ba. Gaskiya ne motar da Honda ta yi gwajin da ita an sa mata kejin ƙarfe na kariya, an cire kujerar baya da na'urar kiɗa don rama nauyinsa, an kuma sa mata tayoyin filin tsere. Wannan ma darasi ne game da irin waɗannan lambobi: kowane kamfani da ƙwararren direbansa yake zuwa, a hanyar da aka rufe masa, a ranar da yanayi ya yi daidai.

Har ma'aunin kansa iri biyu ne. An daɗe ana auna kilomita 20.6, ana barin wani ɗan guntu kusa da wurin tashi. Daga 2019 masu hanyar suka koma auna cikakken zagaye, kilomita 20.832, kuma a wannan ma'auni lokacin Trophy-R minti 7 ne da sakan 45.389. A 2023 sabuwar Civic Type R ta yi minti 7 da sakan 44.881 a cikakken zagayen, ta karɓe tarihin da rabin sakan. Wanda bai san da ma'auni biyun ba zai ga 44 ya fi 40 yawa ya ɗauka Renault ce ke gaba har yanzu. A filin tseren Suzuka na Japan ma haka aka yi: Trophy-R ta kafa minti 2 da sakan 25.454 a 2019, sai Honda ta sauke shi zuwa minti 2 da sakan 23.993 da Civic Type R Limited Edition, wadda ita ma hanyar ɗaya ta bi. Ba a taɓa injinta ba, an rage nauyi, an sa rim mara nauyi da taya mai riƙo.

Ultime, don a gwada

A cikin gidan Mégane ɗin akwai wata ƙayyadaddiyar da ke nuna ɗaya fuskar wannan kasuwa. A 2021 aka haɗe Renault Sport cikin Alpine, reshen Renault mai ƙera motocin gudu, a 2023 kuma aka fitar da Mégane R.S. Ultime a matsayin ta bankwana, guda 1,976, adadin da aka ɗauko daga shekarar da aka kafa Renault Sport. Tana da zanen baƙi a jiki, da lamba a ciki mai ɗauke da sa hannun Hurgon, ta kuma ari rim da tayoyin Trophy-R. Ban da wannan Trophy ce: doki 300, kujerar baya tana nan, 4Control tana nan, ana iya samunta da giyar otomatik. Ba laifi ba ne, kuma ga mai iyali ita ce ta fi dacewa. Sai dai abin da aka ƙayyade a Ultime adadi ne da fenti, wanda mai Trophy zai iya kusantarsa da canjin rim da taya. A Trophy-R kuwa aksul ɗin baya daban ne, shakazoba daban, tsayuwar taya daban, bonet daban, kuma babu dillalin da zai mayar maka da Trophy ɗinka haka.

Masu saye da niyyar ajiya suna yawan kawo misalin R26.R, wadda a yau masu tara motoci ke nema ruwa a jallo. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne lokacin da ta fito, a tsakiyar rikicin tattalin arzikin 2008, ko kason da aka ware wa Birtaniya ba a iya sayar da shi duka ba. Darajarta ta zo ne daga baya, bayan waɗanda suka tuƙa ta sun yi shekaru suna ba da labarin yadda take a kwana.